Jima Sai An Jima

A wannan fitowa na zaɓi in yi magana a kan wata sana'a wadda da yawa daga cikinmu, da zarar an ambace ta, sai su toshe hanci. Sana'ar nan kuwa ita ce jima. Amma kafin kowa ya kai hannu ga hancinsa, ina roƙonsa ya dubi takalmin da ke ƙafarsa tukuna. Ya tuna gafakar da malamin makarantar allo yake ajiye Alƙur'ani a ciki, da buzun da liman yake zama a kai, da kuben wuƙar mahauci, da kayan dokin da hakimai suke hawa ran Salla. Duk cikinsu babu wanda ya zama abin ado sai da ya bi ta hannun majemi.

Ni mutumin Zoza ne, cikin ƙasar Rogo, wadda ta yi iyaka da ƙasar Katsina da ta Zazzau. Gidanmu ba gidan majema ba ne na gado. Mu manoma ne, dawa da masara da rake muka sani. Amma kakana, wanda ya haifi babana, maharbi ne a zamanin ƙuruciyarsa. Ya ce takaici ne ya kai shi ga koyon jima. Sai ya sha wuyar daji ya kawo barewa ko gada, a ci nama a gama, fatar kuwa ta bushe ta ƙandare, kafin shekara ta kewayo ƙwari sun cinye ta. Saboda haka da ya tafi cin rani birnin Kano sai ya zauna wurin majeman Ƙofar Wambai, yana ɗebo musu ruwa, yana daka musu bagaruwa, har rani uku, sa'an nan ya komo gida da sana'a a hannunsa.

Ya kamata in faɗi abu ɗaya game da barewa kafin in wuce. Dabbar nan da muke gani a littattafan Turanci, mai ƙahoni kamar rassan itace, mukan kira ta barewa, amma ba irin tamu ba ce. Waccan kowace shekara namijinta yakan zubar da ƙahonsa, wani sabo ya fito. Tamu kuwa ƙahonta ba ya yin rassa, kuma da shi take mutuwa. Launinta ja-ja ne, cikinta fari fat, da wani baƙin zane siriri a gefenta. Ni dai ban taɓa ganinta da rai a dajinmu ba. Abin da na sani nata shi ne fata guda ɗaya da ke ɗakin Kaka, wadda ya jeme da gashinta tun kafin babban farin nan na 1973. Yau fiye da shekara 50 ke nan. Gashin ya zube a tsakiya inda ake zama, amma in ka naɗe ta a hannu sai ta bi kamar mayafi. Ɗanyar fata kuwa kowa ya sani, in aka bar ta kwana biyu lokacin zafi sai a nemi inda za a binne ta. Tun ina ƙarami tambayar da ke raina ita ce, me aka yi wa wannan fata har ruɓa ta manta da ita?

Bara, ana gobe Babbar Salla, na sami Kaka na ce ya koya mini. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan boko, da wannan hannu naka mai kama da na amarya? In ka yi wari, matar tawa da kake cewa taka ce ba za ta ƙara dama maka fura ba."

Na ce, "Haba Tsoho, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ya ce, "To, barewa dai babu ita. Amma hannun da ya iya ta akuya ya iya ta barewa, sai dai ya ƙara lallashi, don tata ba ta da kauri, ba ta son gaggawa."

A gidanmu an yi layya da rago da akuya. Malaminmu na Risala kuwa ya karantar da mu cewa ba a sayar da fatar layya, ba a kuma biyan mahauci ladansa da ita, sai dai a yi amfani da ita ko a bayar. Don haka muka shirya ta ragon za ta zama buzu, ta akuyar kuwa a cire mata gashi a yi jar fata.

Darasi na fari ya soma tun dabbar tana rataye. Kaka ya ce tun ran gini ran zane, rabin jima wurin fiɗa ake yi. Aikin wuƙa shi ne ta tsaga daga wuya zuwa wutsiya, ta bi ƙafafu huɗu. Daga nan sai a ajiye ta, a dunƙule hannu a riƙa turawa tsakanin fata da nama. Duk inda wuƙa ta shafta, ko ba ta huda ba, nan ne fata za ta yage ranar miƙa. Ya ce shi ya sa a da ya fi son kibiya a kan adaka, domin kibiya huda ɗaya take yi, adaka kuwa sai ta mai da fata rariya, balle wadda karnukan farauta suka yayyaga. Ya ce kuma bai taɓa yin buzu da fatar mushe ba, domin malamai sun ce ba a salla a kanta ko da an jeme.

Bayan fiɗa muka kankare kitse da sauran tsoka nan take. Da yake hutun Salla gajere ne, sai muka shafa musu gishiri, muka ɗaure su da igiya muka miƙe a ƙarƙashin rumfa, inda iska ke ratsawa ta kowane gefe, don su jira dogon hutu. Abin da yawancin mutane suke yi, watau su shimfiɗa fata a ƙasa a tsakiyar rana su danne da duwatsu, shi ne kashe ta. Samanta ya ƙone, ƙasanta yana ruɓewa, ranar da ta shiga ruwa sai ta farfashe. Kaka ya ce a zamanin En'e har ma'aikatan fata ake da su, suna bin kasuwanni suna duba fiɗa, suna sa a shanya a inuwa.

Da aka ba mu dogon hutu muka kama aiki, kullum bayan mun taso daga gona. Da ta akuyar muka fara. Muka jiƙa ta kwana ɗaya har ta koma kamar ranar da aka feɗe ta. Sa'an nan muka tankaɗe tokar murhu cikin wata tsohuwar kwatarniya can ƙarshen garka, muka dama da ruwa, muka tsoma fatar muka danne. Safe da yamma sai in je in juya. Wasu sukan ƙara kanwa don ta yi sauri. Ran kwana na uku Kaka ya ce in murza da babban yatsa, sai ga gashi yana biyo yatsana kamar ba a jiki ya tsiro ba. Muka shimfiɗa ta a kan gungume, ya ɗauko kartajinsa, watau wani lanƙwasasshen ƙarfe mai mariƙi biyu, wanda ba shi da kaifi sosai. Da shi ake tura gashin daga wuya zuwa wutsiya, ana bin kwanciyarsa, kana a juya a kankare ɓangaren nama. Ruwan toka yana cin hannu ƙwarai, sai an riƙa shafa man kaɗanya. Fatar ta fito fara, ta kumbura, tana santsi.

To, daga nan aka zo wurin da ya jawo wa majema suna. Aka aike ni in share kashin tattabara da na kaji daga akurki, muka jiƙa da ruwan ɗumi, muka tace, muka tsoma fatar. Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, wari ne na gaske. Kakata ta fito da tsumma a hanci, ta ce in ba mu janye kwatarniyarmu ba za ta kai mu ƙara wurin mai unguwa. Amma Kaka ya ce duk jima babu wurin da ya fi wannan hatsari, domin in aka cire da wuri fata za ta yi tauri har abada, in kuwa aka bar ta ta wuce lokaci sai ta ruɓe. Tun kafin kiran sallar asuba ya tashe ni da fitila. Ya ce in danna yatsa a jikinta. Na danna, sawun yatsan ya zauna bai ciko ba, kumburin nan duk ya saɓe, ta yi laushi kamar tsumman alharini. Ya ce, "Ta yi. Maza wanke."

Sai kuma uwar aikin, watau bagaruwa. Tun da rani ake tsince 'ya'yanta in sun bushe, a ajiye a buhu. Muka daka su a turmi, muka fitar da ƙwallayen, muka jiƙa garin. Akwai dokoki biyu da Kaka ya gindaya mini. Ta fari, ruwan farko tsarara ake yinsa, sai a kwana sa'an nan a ƙara masa ƙarfi, domin in aka fara da mai kauri zai kama bayan fata ya toshe, cikinta ya zauna ɗanye. Ta biyu, kada ƙarfe ya kusanci ruwan bagaruwa, ko da ƙusa ce, domin duk inda ya taɓa sai fata ta yi baƙin tabo. Shi ya sa ake aiki da tukunyar ƙasa. Kullum sai in cuɗa ta kamar mai wanki, in matse, in mayar, har tafin hannuna ya rine. Ran kwana na uku na ga ta yi launin ƙasa-ƙasa mai kyau, na ce ai an gama. Kaka ya yanki ɗan gefen wuya, inda fata ta fi kauri, ya nuna mini wani farin zane siriri a tsakiya kamar zare. Ya ce, "Ka ga wannan? Ɗanyen nama ne. Mayar da ita, abokina. Jima sai an jima." Sai da ta ƙara kwana biyu farin nan ya ɓace.

Muka wanke ta, muka shafa man gyaɗa, muka rataye a inuwa. Ba a barin ta ta bushe ƙamas. Tana da sauran danshi ake kama ta, a ja ta nan, a ja ta can, a goga a kan turke, a buga a kan gungume, har ta bushe a hannu. Wannan shi ne aikin da ya fi cin ƙarfi, kuma nan ne kowace shaftar wuƙa take tona asirin mai fiɗa. Tamu, alhamdu lillahi, ba ta yage ko'ina ba. Daga ƙarshe muka rina ta da karan dafi, watau jan ɓawon da ke lulluɓe da karan wata irin dawa wadda ba don ci ake shuka ta ba. Aka daka shi, aka dama da ruwan kanwa, aka shafa da tsumma, aka bi da lemon tsami. Ta fito ja wur.

Buzu kuwa hanyarsa dabam ce, kuma ita ce Kaka ya bi da fatar barewarsa. Ba ya shiga toka ko kaɗan, don kada gashi ya zube. Garin bagaruwa ake damawa da kauri, a shafe ɓangaren nama, a naɗe a ajiye ya kwana, gobe a buɗe a sake, har ya ratsa. Sa'an nan a kankare, a shafa mai, a murza da dutse mai kaushi, a wanke gashin a taje. Namu yana nan a ɗakin babana. Jar fatar kuwa muka kai wa baduku, ya ɗinka wa ƙanena gafaka, ya yi mata zane da kuloko, baƙin rinin nan da dukawa suke haɗawa da kashin maƙera.

Da muka koma makaranta na kwashe labari na gaya wa malaminmu na kimiyya, shi kuma ya buɗe mini abin da ke ɓoye. Ya ce fata saƙa ce ta wasu zaruruwa ƙanana da ido ba ya gani. Ruwan toka yana sassauta gindin gashi, ya buɗe saƙar. Cikin kashin tattabara akwai ƙwayoyin halitta masu narkar da dattin da ke tsakanin zaruruwan, shi ya sa in an daɗe sai su koma kan fatar kanta. Bagaruwa kuwa tana ɗauke da wani sinadari da ake kira tanin, irin mai bauri da muke ji a bakinmu in mun tauna goro ko mun sha shayi mai kauri. Shi ne yake kama kowane zare ya ɗaure shi, har ƙwayoyin ruɓa su kasa cinsa. In tanin ya gamu da ƙarfe sai ya zama baƙi, watau abin da ke ɓata fata a tukunya shi ne dai yake ƙawata ta a hannun baduku. Ashe duk abin da ke cikin littafi Kaka ya san shi da yatsansa.

Malam ya ƙara da cewa kada mu ɗauka wari namu ne mu kaɗai. Majeman Turai ma da kashin tattabara da na karnuka suka yi ta aiki, sai wajen 1908 wani Bajamushe mai suna Otto Röhm ya fito da wani gari da ya maye gurbinsu. A maimakon bagaruwa su da ɓawon itatuwansu suke jima. Mutanen asali na ƙasar Amurka kuwa, waɗanda suka shahara da jimar fatar barewarsu mai rassan ƙaho, da ƙwaƙwalwar dabbar suke cuɗa fatar, sa'an nan su turara ta da hayaƙi don kada ta ƙandare in ta jiƙe. Da na kai wa Kaka wannan labari sai ya kama baki, ya ce, "Ikon Allah! Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amma mu a nan wa zai yarda a hana shi cin ƙwaƙwalwa saboda fata?"

Wannan sana'a da muke rainawa tana cikin abubuwan da suka kai sunan ƙasarmu nesa. Tun zamanin da, fatake suna ɗaukar jemammun fatu daga kasuwar Kurmi a kan raƙuma, su ƙetare Sahara har bakin Bahar Rum. Da yake ta hannun mutanen Arewacin Afirka fatun suke isa Turai, sai Turawa suka riƙa kiran su fatar Maroko, alhali kuwa da yawansu na jar akuyar Sakkwato da Kano ne. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya kuma rubuta labarin takalma da jemammun fatu da ake fitarwa daga birnin. A zamaninmu an kafa masana'antun jima a Bompai da Sharaɗa da Challawa, masu aiki da gishirin wani ƙarfe da ake kira kurom, wanda yake gama aiki da sauri ƙwarai. Sai dai ruwan da ya fito daga irin wannan jima, in ba a tace shi ba, guba ne ga kogi da gona. Tukar bagaruwarmu kuwa kan juji muka zuba, ta tafi gona tare da taki. A Samaru ta Zariya ma akwai cibiya sukutum ta binciken fata da koyar da aikinta, ga duk wanda yake so ya haɗa boko da wannan sana'a.

Saura magana ɗaya mai nauyi. Na tambayi Kaka ina barewa ta tafi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a ƙuruciyarsa in ka fita da sassafe sai ka gan su uku, huɗu a bakin gona. Daga baya mutane suka yi yawa, daji ya zama gona, 'yan farauta suna cinna wuta da rani, bindiga ta yawaita, ga fari. Ya ce, "Ba mu bar mai ciki ba, ba mu bar mai goyo ba. Mun ci rabonmu, mun haɗa da naku." Tun 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar kare namun daji, gwamnatin tarayya kuma ta yi tata a 1985. A jiharmu an keɓe dajin Falgore, na wajen Tudun Wada da Doguwa, ba Falgoren nan tamu ta ƙasar Rogo ba, aka hana harbi a cikinsa. Duk da haka ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa barewar nan tamu cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Ni dai ban roƙi Kaka ya nemo mini fatar barewa ba, ba kuwa zan saya ba in an kawo mini, domin duk wanda ya saya shi ne ya aiki maharbi.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ku iyayenmu, in Salla ta zo ku tsaya a kan mai fiɗa, ku sa gishiri, ku shanya a inuwa. Ko kyauta za ku bayar, ku ba da mai kyau, kada dabba ta ba da naman jikinta mu kuwa mu bar rigarta ta ruɓe a bayan danga. Ku 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda yake da tsoho mai sana'ar hannu a gidansu, ko jima ce, ko saƙa, ko ƙira, ya zauna kusa da shi tun yana da rai, domin abin da ke yatsansa ba a rubuce yake ba, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Kada kuma mu ƙara yi wa ɗan majemi dariya, tun da warin hannunsa sabulu yana wankewa. Na uku, kowa ya ga bagaruwa ta tsiro a gefen gonarsu ya bar ta ta girma, in kuwa Allah Ya nufe shi da ganin barewa a daji, ya cika idonsa da kallo ya bar ta ta wuce.

Allah Ya ja kwanan iyayenmu da kakanninmu, Ya sa albarka a karatunmu da sana'o'inmu, amin.